Silindar da ta cika awo da rana ta tsuke da safe: zafi da aikin honin a injin tsere

Tambayar ta fito ne daga wani mai aikin borin da honin a Agege, wato faɗaɗa ramin silindar injin mota da goge bangonsa da duwatsu har ya kai awo. An kawo masa bulok ɗin Toyota 2JZ da za a haɗa domin tsere, tare da fistin mai faɗin milimita 86.40, kuma takardar kamfanin fistin ta ce a bar tazarar 0.10. Ya yi honin har geji, na'urar auna faɗin rami, ya nuna masa 86.50 da misalin ƙarfe 2 na rana, ya rufe aiki. Washegari da safe ya sake aunawa sai ya tarar da 86.485, tsakiyar silinda ma ya ɗan fi baki tsukewa. Yana son ya san ko gejin ne ya lalace, ko kuwa zafin Legas ne. Ya kuma ga a bidiyo cewa wasu masu haɗa injin tsere a Amurka suna zagaya ruwan zafi a cikin bulok yayin honin, yana tambaya ko shi ma ya koma yin haka.

Malam, da wuya a ce laifin geji ne. Abu ɗaya kawai za ka fara cirewa daga lissafi: idan awon rana ka yi shi da farantin matsi (farantin ƙarfe mai kauri da ake ɗaurewa a madadin tof-silinda, wato murfin saman injin) a ɗaure a kan bulok, na safe kuma bayan ka kwance shi, to ba abu ɗaya ka auna ba, domin ɗaurin notunan tof-silinda kaɗai yana sauya siffar rami. Idan farantin yana nan a duka awon biyu, ko babu shi a duka biyun, to zafi ne ya cinye maka wannan 0.015, kuma ana iya ƙirga yawansa.

Ƙarfen zubi, irin wanda aka yi bulok ɗin 2JZ da shi, yana miƙewa da kusan maikuron 11 a kowace mita idan zafinsa ya ƙaru da digiri 1 na Salsiyas. Maikuron shi ne kashi 1 cikin 1000 na milimita. A rami mai faɗin 86.5 wannan ya zama maikuron 0.95, wato kusan maikuron 1 a kowane digiri. Kai ka rasa maikuron 15. Ke nan a lokacin da ka auna, bangon silindar ya ɗara gejinka zafi da wajen digiri 15 ko 16. Idan shagonka yana kan 30, bangon yana wajen 45 zuwa 46. Wannan zafi ne da za ka taɓa ka ji ɗumi kawai, ba zai sa ka janye hannu ba, shi ya sa yake yaudarar mutane. Duwatsun honin da aka matsa da ƙarfi na 'yan mintuna a jere sun isa su kai bango can.

Game da zafin gari da ka zarga, shi ne mafi ƙanƙanta a cikin matsalolin. Ma'aunai na duniya an tsayar da su ne a kan digiri 20, kuma shago mai rufin kwano a Legas da wuya ya ga 20 ko da asuba ne. Amma geji da maikuromita (ma'aunin da ake auna fistin da saita geji da shi) na sitil ne, shi kuma sitil yana miƙewa da kusan maikuron 11.5 a mita, kusan daidai da ƙarfen zubi. Idan bulok da geji duk suna kan 32, tare suka buɗe, kuskuren da ya rage bai kai maikuron 1 ba. Abin da ke ɓata awo shi ne bambancin zafi tsakanin kayan da ke haɗuwa a awon: bulok, geji, maikuromita, fistin da man honin. Ta wannan fuska ma Legas ta fi Kano sauƙin aiki, domin a nan tazarar zafin dare da na rana ba ta da yawa, a Kano kuwa lokacin hunturu sai ka tashi da rigar sanyi ka yi azahar kana gumi.

Fistin ne ke da ɗan bambanci, saboda alminiyam ne. Yana miƙewa kusan ninki biyu na ƙarfe, tsakanin maikuron 19 da 22 a mita gwargwadon haɗinsa: nau'in 4032 mai silikon da yawa yana ƙasa, 2618 yana sama, kuma dalilin da ya sa ake ba 2618 tazara mai faɗi ke nan. Idan ka auna fistin na 2618 a digiri 32 da maikuromitar sitil, zai nuna maka ya fi girmansa na digiri 20 da kusan 0.01. Ka ɗora 0.10 a kan wannan awon, sai ka samu tazarar da a ma'aunin kamfani ta kusa 0.11. A injin turbo wannan bai kai abin tayar da hankali ba, kuma ya karkata ne wajen aminci. Amma ka san da shi, musamman idan ka ga awonka ya saɓa da abin da aka rubuta a kwali, kada ka ce kamfani ne ya yi kuskure. Kuma a wurin da takarda ta nuna ake auna fistin, a jikin siket, wato ƙasan fistin, ta gicciyen fin ɗin da ke ratsa fistin, a tsayin da suka faɗa.

Sai batun tsakiyar da ta fi tsukewa, wanda a ganina ya fi 0.015 ɗin muhimmanci. Zafin honin ba ya bazuwa daidai a jikin silinda. A sama akwai kaurin fuskar bulok da farantin matsi suna shanye zafi, a ƙasa akwai kaurin mazaunin karanshaf. Tsakiya kuwa bango ne siriri, bayansa ramin ruwa ne wanda babu komai a cikinsa sai iska, kuma nan ne duwatsu ba sa rabuwa da shi ko suna hawa ko suna sauka. Don haka tsakiya ta fi zafi, ta fi buɗewa. Kai kana can kana gyara rami har ya miƙe sak a geji, alhali siffar mai zafi ce ka miƙar. Da ya huce, wurin da ya fi buɗewa shi ya fi komawa, sai ka wayi gari da rami mai siffar kalangu. Haka yake faruwa ta gefe: bangon da ke tsakanin silinda biyu, idan ka gama ta 1 ka faɗa ta 2 nan take, yana ɗauke da zafin ta farko, sauran kewayen kuwa da sanyinsa. Ramin na 2 zai fita da'ira a lokacin, ya huce ya koma kamar ƙwai. A bulok mai silinda 6 ka bi 1, 3, 5, sannan 2, 4, 6, ko duk wani tsari da ba zai sa ka taɓa maƙwabciyar wadda ka gama yanzu ba.

Kai ka yi sa'a, kuskurenka ya faɗo ta inda ake iya gyarawa: rami ya yi ƙanƙanta, akwai sauran nama. Wanda ba ya gyaruwa shi ne na geji mai ɗumi. Ka saita geji da safe, ka yini kana riƙe shi ta jikin sanda, ko ka ajiye shi kusa da motar injin honin, ko rana ta leƙo ta taga ta same shi. Ya ɗauki digiri 5, ya ƙara tsawo da maikuron 5, sai ya riƙa gaya maka rami bai kai ba. Ka ci gaba da ci. Ƙarfen da ka cire ba ya dawowa, sai dai a nemi fistin mai girma na gaba ko a sa silib, wato bututun ƙarfe da ake cusawa ya zama sabon bangon silinda. Saboda haka geji ta mariƙinsa na roba ake riƙe shi, maikuromita a ɗaure ta a mazauninta, kuma a duba sifilin geji kafin kowace silinda da bayanta. Zoben saiti, wato zoben ƙarfe mai sanannen faɗi da ake saita geji a cikinsa, ya fi maikuromita aminci wajen wannan, idan da hali. Masu ajiye kayan awo a ofis mai na'urar sanyaya ɗaki suna fito da su lokacin awo, su ma sun jawo wa kansu: geji na kan 23, bulok na kan 32, ga digiri 9 nan a banza, ga kuma raɓa da za ta kwanta a kan ƙarfe mai sanyi da zarar ya shaƙi iskar waje. Kayan awo su kwana inda bulok ya kwana.

Bulok ɗin ma haka. Wanda aka ɗauko daga kasuwar kayan mota ta Ladipo a bayan akori-kura, ya sha rana a cunkoson Oshodi, ba ranar ake auna shi ba. Wanda aka wanke da ruwan zafi ma haka. A bar shi ya kwana a cikin shago, a kan katako, nesa da janareta da bakin ƙofa. Don sanin ya huce, ma'aunin zafi mai waya da ake manna wa a jikin ƙarfe ya fi bindigar nan mai jan haske, domin bindigar tana yin ƙarya a kan ƙarfe mai sheƙi da mai a jikinsa. Ka auna bango ta sama, tsakiya da ƙasa, ka auna jikin geji. Idan bambancin ya wuce digiri 2, ka jira.

Man honin shi ne abin da aka fi mantawa da shi. Aikinsa uku: ya kwashe zafi, ya wanke garin ƙarfe daga fuskar dutse, ya sa dutse ya yi yanka ba tare da ya yaga ƙarfe ba. Tankin da ke kan 28 da safe yana iya hawa sosai kafin la'asar idan ana aiki ba tsayawa, musamman ƙaramin tanki, kuma daga nan man da ya kamata ya sanyaya bulok shi ke ɗumama shi. Mai idan ya yi zafi yana tsinkewa, dutse ya ƙara cizo, fuskar bango ta ƙara kaushi, ko da ba ka taɓa saitin komai ba. Shi ya sa za ka ga silindar safe da ta yamma, dutse ɗaya, matsi ɗaya, amma ba su fita iri ɗaya ba. Babban tanki, matata mai kyau, da bututu biyu da ke kwarara mai a kan bango ta kowane ɓangare suna rage wannan. Wanda ya iya sa wa tanki na'urar sanyaya mai, ya saita ta a kan zafin shagon, kada ya kai ta 20. Mai mai sanyi a kan bulok mai ɗumi wata sabuwar matsala ce.

A injin honin mai aiki da haidurolik akwai ƙarin abu. Kusurwar zanen giciye da ke jikin bango tana fitowa ne daga gudun hawa da sauka idan aka gwada shi da gudun juyawa. Man haidurolik ya yi zafi, gudun hawa da sauka na iya sauyawa, kusurwa ta bi shi. Yawancin masu ringi suna son wajen digiri 40 zuwa 45 tsakanin layukan biyu. Idan ta kwanta da yawa mai ba ya sauka yadda ya kamata, idan ta miƙe da yawa bango ba ya riƙe mai. A kunna inji ya yi ɗumi kafin a sa shi a rami, a kuma duba kusurwar da ido da ma'auni a silinda ta farko da ta ƙarshe.

Ga yadda aikin ke tafiya idan ana son zafi ya daina shiga lissafi. Bayan borin a bar wa honin kimanin 0.07 zuwa 0.10 a faɗin rami. A ɗaura murafan mazaunin karanshaf da ƙarfin da littafi ya faɗa, a ɗaura farantin matsi da irin gasket da irin notunan da za a haɗa injin da su, da man shafawa iri ɗaya a zaren noti, a bi tsarin ɗauri daga tsakiya zuwa waje. A ci da dutse mai kaushi, misali lamba 220, har ya rage 0.025 a kowace silinda, sai a tsaya. Wannan tsayawar ita ce rabin aikin. Yawancin zafi a wannan matakin ake tara shi, don haka a bar mai yana kwarara, a je a yi salla a ci abinci, a dawo a auna zafi kafin a auna faɗi. Sannan lamba 280 da matsi mai sauƙi, bugu kaɗan kaɗan, har ya rage 0.005 zuwa 0.008. A sake hutawa. Na ƙarshe shi ne lamba 400 ko burushin honin, bugu 'yan kaɗan, don a sare kan tsinin da dutsen baya ya bari a bar kwarin da ke riƙe mai. Lambobin duwatsu misali ne, takardar mai ringi ita ce alƙali. Awon da za ka rubuta wa mai mota kuwa shi ne na washegari da safe, da faranti a ɗaure, a tsayi 3 ko 4, ta tsawon karanshaf, ta gicciyensa, da kuma ta saitin notuna, domin nan ne ɗauri ke tura bango.

Dutsen daimon yana son matsi fiye da dutsen silikon kabaid na gargajiya, kuma matsi zafi ne, ga shi yana tura siririn bango waje ya dawo bayan dutse ya wuce. Mai amfani da daimon ya fi kowa buƙatar hutun nan.

Yanzu honin da zafi. Hujjar masu yinsa gaskiya ce: inji ba ya aiki a digiri 30, kuma bulok idan ya yi zafi ba ya buɗewa daidai ta ko'ina, saboda kaurinsa ba ɗaya ba ne. Don haka suke toshe ramukan ruwa, su haɗa tanki mai hita da famfo, su zagaya ruwa mai zafin wajen 80 zuwa 95 ta cikin bulok da farantin matsi har zafi ya zauna, sannan su yi honin na ƙarshe. Ramin da ya fita da'ira a wannan zafin, idan ya huce ba zai auna da'ira ba, kuma haka ake so.

Amma duba abin da ke tattare da shi. Daga 30 zuwa 90 ramin 86.5 yana buɗewa da kusan 0.057, fiye da rabin tazarar fistin ɗinka gaba ɗaya. Geji yana fara ɗaukar zafi tun daga daƙiƙar da ya shiga rami, don haka awo sai da sauri, da mayar da shi kan zoben saiti kowane lokaci, kuma ba za ka tabbatar da girman rami ba sai bulok ya huce, ba za ka tabbatar da siffarsa ba sai ka sake ɗumama shi. Man honin ma dole a ɗumama shi, in ba haka ba yana sanyaya fuskar da kake ƙoƙarin riƙewa da zafi, kuma a wannan zafin ya tsinke, yankan dutse ya sauya, sai an sake nemo saitin da zai ba da fuskar da ake so. Ga ƙuna a hannu, ga hayaƙi. Wanda kuma yake honin da kananzir ko haɗin kananzir da baƙin mai, kamar yadda ake yi a shaguna da yawa, kada ma ya fara: tururin kananzir yana iya kamawa da wuta tun daga wajen digiri 38.

Bayan duk wannan wahala, ruwan zafi rabin hoton yake ba ka. A inji mai gudu saman silinda, inda wuta ke tashi, ya fi ƙasanta zafi nesa ba kusa ba, ga bugun wuta yana tura bango, ga tof-silinda na alminiyam yana buɗewa fiye da notunan sitil yana ƙara ɗauri. Ruwa mai zafi ɗaya daga sama har ƙasa ba ya kwaikwayon wannan. Inda honin da zafi ya fi biyan kuɗinsa shi ne bulok na alminiyam mai silib na ƙarfe, irin na Honda K20, ko bulok ɗin da aka yi wa borin har bango ya yi siriri, tare da ringi sirara masu sassaucin matsi waɗanda ba sa iya bin rami mai lanƙwasa, a gasar da ake neman ƙarin ƙarfin inji na doki 2 ko 3 a kan abokin hamayya. 2JZ bulok ne mai kauri da ƙarfi. Ga motar da za ta yi tseren gajeren zango ko wasan zamiya, farantin matsi da awo mai tsafta sun kawo ka kusa da iyakar abin da za a samu.

Idan kana son ka gani da idonka kafin ka kashe kuɗi, gwajin ba shi da tsada. Ɗaura faranti, auna rami a wuraren nan duka da sanyi, ka rubuta. Zagaya ruwan zafi na kimanin awa 1, ka sake auna wuraren. Kada ka dubi yawan buɗewar, wannan kowa ya san zai faru. Ka dubi ko bambancin da ke tsakanin wuri da wuri ya sauya. A nawa hukuncin, idan sauyin siffar bai kai 0.01 ba, ka bar maganar honin da zafi, ka sa kuɗin a zoben saiti da babban tankin mai.

Wani wurin da kuskuren zafi ke ɓullowa shi ne bakin ringi, wato tazarar da ake bari tsakanin kai biyu na zoben fistin. Duk 0.01 da rami ya sauya, bakin ringi yana sauyawa da kusan 0.03, saboda kewaye ya ninka faɗi sau 3.14. Da ka goge bakin ringi a ramin nan da rana, da safe ya tsuke da kusan 0.047. A injin turbo da ake ba ringin sama wajen 0.45 zuwa 0.50 a irin wannan faɗin, kashi 10 cikin 100 ke nan ya tafi, kuma bakin ringi idan ya haɗe da zafi yana iya fasa kan fistin. Gyaran bakin ringi sai bayan awon safe.

Bulok ɗin da ke gabanka kuwa, ka mayar da faranti idan ka kwance shi, ka bar shi ya zauna, ka koma da lamba 280 da matsi kaɗan, kana ɗan jinkirta bugu a tsakiya inda ya tsuke, bugu 3 ko 4 ka tsaya ka auna, ka bar 0.005 ga dutsen ƙarshe. Idan ka gama, wanki da ruwan zafi da sabulu da burushi, domin fetur da kananzir ba sa ɗaga garin dutse daga cikin zane, har sai farin ƙyalle ya fito fari. Ka busar da iska, ka shafa mai nan take tun bulok yana da ɗumi. A damina a Legas sabon bango yana fara yin ja kafin ka gama wanke silinda ta 6.